Hannun Da Zai Maƙala Galo

"An ba ka! Wallahi an ba ka!" in ji matarsa, tana kaɗa takardar a tsakar gida.

Bayan shekara talatin da biyu a soja, ya yi ritaya yana kapiten. Yanzu ga shi an ƙara masa girman kumandan na karramawa, kuma zai riƙe shi har ƙarshen ransa. Maƙwabta suka cika gidan da guɗa. Ƙaninsa ya ce a gayyato manyan gari su maƙala masa galon, alamar girman, a kafaɗa.

Shi kuwa sabon kumandan ya shige ɗaki. Ya saka kakinsa, ya jefa sabon galon a aljihu, ya hau babur sai kasuwar Madawa, jama'a na bin sa a guje.

A layin 'yan albasa ya tsaya, gaban wani tsoho mai babbar riga, sarjan ɗinsa na farko. Ya ƙame, ya sara masa.

"Sarjan, girma anka ƙara min. Kai nika so ka maƙala shi."

Tsohon ya miƙe yana dariya, idonsa cike da hawaye. "Haba kumandan! Ni da hannu guda?"

"Gudan ka bari cikin motar da ta kama wuta, ranar da ka jawo ni waje. Wanga ya isa."

Tsohon ya goge hannunsa a riga. Kumandan ya sunkuyo da kafaɗarsa, ya riƙe masa gefen galon.