Kafar Allura

"Ba zan rubuta miki tabarau ba," in ji likitar ido, ta ajiye 'yar fitilarta.

Mai ɗinkin hula ta ɗago ta dube ta. Don tabarau ɗin nan ta baro Matameye da sassafe zuwa Damagaram. Wata biyu ke nan zare yana ƙin shiga kafar allura, zanen hula yana rawa kamar a cikin ruwa. Ta daina sa kwalli, ta wanke ido da rubutu, ba sauƙi.

"Makanta ce, likita?"

"Can cikin idonki lafiya lau, Yaya. Yaushe rabonki da al'ada?"

Ta sunkuyar da kai. "Tun da maigidan ya tafi Kano cin rani, wata uku. Girma ne ya zo. Na haura arba'in, ko ɓari ban taɓa yi ba."

"Sinadaran da ke juya al'adar mace har ido suke taɓawa. In sun sauya, gani kan sauya na ɗan lokaci. Kafin ki ce girma ne, je ki a gwada fitsarinki."

Washegari, bayan gwajin, mai ɗinkin hula ta zauna a tsakar gida, maƙwabciyarta ta zura mata zare. Har yanzu dishi-dishi take gani, da lalube take ɗinkin.

Maƙwabciyar ta leƙo. "Wannan hula kan wa za ta shiga? Ko lemo ba za ta rufe ba."

Ta yi murmushi, ba ta ɗago ba. "Mai ita yana hanya. Da damina zai iso."