Sabon Murfin Tanki

Ɗan'uwa, tunda ka ce ka toshe kowace kafa a harkarka amma abin sai ƙara cijewa yake yi, gyara zama ka ji misalin wani direba.

Mutumin nan yana da tsohuwar akori-kura, irin wadda sai an ɗaure ƙofarta da igiya. Da ita yake ciyar da iyalinsa, yana kwaso albasa da masu ita daga ƙauyuka zuwa kasuwar gari. Tsufa kam ta tsufa, amma ba ta taɓa yada shi a hanya ba. Abu ɗaya ne ke ci masa tuwo a ƙwarya: murfin tankinta yana da wata 'yar huda kamar ta allura, in rana ta take sai ya riƙa jin warin fetur ta wurin. Shi kuwa mutum ne da ko ƙwayar gero ce ta faɗi sai ya duƙa. Ya ce a ransa, ashe rana ce ke taya shi shan mai. Ya sayo sabon murfi marar huda, ya yanko roba ya ƙara masa, ya murɗa har jijiyar wuyansa ta tashi. Ya sunkuya ya shinshina, babu wari. Ranar har da 'yar waƙarsa ya koma gida.

Ba a jima ba mota ta fito da sabon hali. Da safe ta tashi lafiya lau, ta kama hanya, sai an nausa daji ta fara tari, ta fizga, ta fizga, ta mutu. Ya sauko ya kwance murfi don ya ga ko mai ne ya ƙare. Murfin ya yi fuuu, ya leƙa ya ga mai dam. Ya mayar ya ɗaure tamau, ya murɗa makulli, ta tashi kamar ba ita ba. A gaba kaɗan ta sake. Ya kai ta gareji. Bakanike na farko ya ce kafireta ce ta yi datti, aka kwance aka wanke. Na biyu ya rantse famfon mai ne, aka sa sabo. Na uku ya canza matatar mai, ya busa tiyo har idonsa ya yi ja, ya ɗora laifin a kan 'yan bumburutu masu gauraya fetur. Kowannensu kuma sai ya fara buɗe tanki ya shinshina man kafin ya taɓa komai, don haka a gabansu ba ta taɓa gardama ba. Sai an bar gari take nuna halinta.

Kan direba ya ɗaure. In mai ne babu, ga mai. In famfo ne, ga sabo. Abin da ya fi ruɗa shi, ranar da ya cika tanki maƙil ta fi saurin mutuwa, sai ka ce ƙoshi ne ke kashe ta. Wani ya ce masa baki ne, ya rataya laya a madubi, ta mutu da layar. Albasar mutane ta riƙa dahuwa a rana a gefen titi, masu ita suna fifita da hula suna harararsa. Sannu a hankali, in ya tsaya a ƙauye sai kowa ya kau da kai, wai ana jiran wata motar. A duk wannan wahala abu ɗaya ne ke sanyaya masa rai, wato wannan fuuu ɗin. In ya ji shi sai ya gyaɗa kai, ya ce ko ba komai murfinsa na aiki.

Da tura ta kai bango, ya sayar da ita a wulaƙance ga wani mai sayen tsofaffin motoci. Har an miƙa makulli sai ya tuna, ya zagaya ya kwance murfin ya jefa a aljihu.

"Wannan sabo ne," in ji shi, "ba ya cikin ciniki."

Mai saye ya ɗaga kafaɗa, ya dunƙule tsumma ya cusa a bakin tankin, ya ja mota ya tafi.

Direba ya koma yi wa motocin wasu lodi a tasha, yana kasa kunne ya ji labarin mutuwarta. Shiru. Kullum sai ga ta ta shigo da kaya har sama, ta sauke ta koma. Da abin ya ishe shi, ya tare sabon mai ita.

"Don Allah, malam, wane bakanike ne ya gano ciwonta?"

"Wane ciwo? Ni ko noti ban kwance mata ba."

Ya juya, ya zauna a bencin mai shayi, ya rasa abin da ke masa daɗi. Yana kallo mai shayi ya ɗauko gwangwanin madara, ya huda nan, ya juya ya huda can. Da kofi ya isa, sai ya ɗora yatsa a kan huda ɗaya, madara ta tsaya cak, alhali gwangwanin cike yake. Direba ya daɗe yana kallon yatsan nan. Ya sa hannu a aljihu ya fito da murfinsa, yana ta ƙyalli, ko ƙwarzane babu. Ashe 'yar hudar da ya tsana, ta nan tankin ke shaƙar iska, sannan man ya samu sauka. Fuuu ɗin da yake alfahari da shi kuwa, numfashin wadda ya shaƙe ne da hannunsa. Daidai lokacin akori-kura ta wuce ta gabansa, tsumma na kaɗawa a gefenta, tsofaffin fasinjojinsa suna ɗaga masa hannu.

To ka ji, ɗan'uwa. Kafin ka ƙara ɗaure wani abu, tambayi abin da ya sa aka bar shi a sake. Hausawa suka ce, garin neman gira an rasa ido.