Gadon Karɓa-karɓa

A shekarar da layi ya zo kansa, wani sarki daga sarakunan Malayu ya bar jiharsa ta bakin teku ya koma babban birni. A Maleshiya sarakuna tara ne, kowa da jiharsa, babbar sarautar ƙasa kuma karɓa-karɓa suke yi, shekara biyar-biyar. Wanda wa'adinsa ya cika sai ya tattara ya koma gida. Sarkin nan ya bar wa ƙanensa riƙon jiha. Kafin tafiyarsa an san shi da abu ɗaya: duk ƙarshen shekara, in ruwa ya tsinke kogi ya shiga gidaje, da kansa yake shiga kwalekwale ya bi ƙauyuka, ya zauna kan tabarma a makarantun da aka tsugunar da mutane, ya sa hannu a shinkafa da busasshen kifi tare da su. Da ya hau babban gado sai wani tunani ya kama shi, kuma ba na girman kai ba ne. Ya ce yanzu shi uban kowa ne, kada a ce ya fifita gida. Don haka duk jihar da ruwa ya ci ya je mata jaje, ban da tasa. Can sai ya aika buhunan shinkafa da barguna, da saƙon da za a karanta a rediyo. Jaridu suka yi ta yabon adalcinsa. Ƙanen, mutum ne mara yawan magana wanda bai taɓa kwaɗayin sarauta ba, ya shiga kwalekwalen don dole wani ya shiga. Shi ya sauko da tsofaffi daga kan rufin gidaje, shi ya kama makarar masuntan da suka nutse. Duk inda ya je yakan ce, “Sarki ne ya aiko ni.” Mutane su ce Allah ya ƙara wa Sarki lafiya, idanunsu na kan wanda ke tsaye cikin ruwa har gwiwa.

Wa'adi ya cika, sarki ya dawo, ƙanen ya miƙa masa jiharsa ba ja-in-ja. A al'adarsu, ranar ƙaramar Sallah sarki yakan buɗe fada, kowa ya shigo ya ci ya gaishe shi. Aka yanka shanu, aka jera tebura har farfajiya. Hantsi ya yi, ba kowa a zauren sai fadawa da manyan ma'aikata. Jama'a na can sun yi layi a ƙofar gidan ƙanen. Shi kuwa da ya leƙo ya gan su, kunya ta kama shi. Ya rufe gidansa, ya tako da ƙafa zuwa fada, suka biyo shi. Zaure ya cika. Kowa ya zo gaban sarki ya haɗa tafin hannu ya ɗaga zuwa goshi, ba wanda ya rage masa komai na ladabi. Amma maganar gadar da ta tsage, da ta yaron da ya samu makaranta, da ta jirgin kamun kifin da aka gyara, duk a kunnen ƙanen ake yin su.

Har la'asar ƙanen bai motsa daga kujerarsa ba, ko da yake gajiya ta bayyana a fuskarsa. Sarki ya sunkuyo ya ce masa, “Je ka huta.”

Ya ce, “Ranka ya daɗe, bari in ɗan ƙara zama.”

Sarki ya ce, “Na san abin da ya zaunar da kai, ƙanena. Je ka.”

Ya miƙe. Kafin ya kai bakin ƙofar fada, mutane sun fara neman takalmansu. Sarki ya zauna yana kallon masu hidima suna kwashe kwanuka, da yawa ba a ko buɗe su ba.

Hausawa suka ce, kowa ya bar gida, gida ya bar shi.