Ruwan da Kellu Ta Sha

"Wallahi ko ɗigo ba ta sha ba," in ji Meram, tana kuka a gaban dubagarin da aka turo daga Nguru.

Mako uku ke nan da ya hana shan ruwan rijiyar unguwarsu a Gashuwa, bayan amai da gudawa sun kashe yara shida. Tun ranar Meram take zuwa har kogi, ta tace ruwan, ta tafasa, sannan ta bai wa 'yarta Kellu. Duk da haka, da hantsin nan aka kai Kellu makwancinta.

"Ki tuna dai, baiwar Allah. Me kuma ya shiga bakinta?"

"Sai rubutun tsari. Babana ke kawo mata kullum daga gidansa, don kada cutar ta kama ta."

Dubagari ya juya ga mahaifinta, Malam Ibram, wanda ke zaune a gefe da carbi a hannunsa.

"Malam, da wane ruwa kake wanke allon?"

Tsohon ya dubi ƙafarsa.

"Ƙafata ba ta kai ni kogi, ɗan nan. Cewa kuka yi kada a sha ruwan rijiyar. Ni kuwa allo kawai nake wankewa."