Gidan Bakin Kwari

Zauna, Malam Tanimu, tunda ka shigo wannan ƙungiya tamu ta gina gidaje, kana ta mitar me ya sa ba a gaya wa mutum gidansa sai an gama gini. Ai ba yau aka fara ba! Mutum tara ne suka kafa ta, duk 'yan haya, duk sun gaji da gorin masu gida. Suka haɗu suka sami fili a bayan gari, suka yanka shi tara, suka ce kowace Asabar gayya, a gina wa wannan, a koma kan wancan. Aka jefa ƙuri'a, mahauci ya zo na farko, wanzami na biyu, wata bazawara mai ginin tukwane ta zo ta tara. Ita kuwa mai gidan da take haya ya riga ya ce mata ruwan farko na sauka ta kwashe 'ya'yanta da tukwanenta ta ba shi ɗakinsa. Kai, ka ga aiki a gidan mahauci! Ana kwaɓa ƙasa ana waƙa, tubali na tashi sama ana cafewa, Asabar huɗu aka ɗora azara. To, mahauci na tarewa sai ciwon baya ya same shi, irin ciwon nan da ba ya tashi sai ranar Asabar. Aka gama na wanzami, shi kuma sai ga suna da kaciya sun yi masa yawa, kullum yana ƙauye. Haba! Matar nan ta duba ta ga in aka bi haka, ranar da za a zo kanta daga ita sai kwandonta. Ranta ya ɓaci ƙwarai. Ta ɗauko tukunya ta dire a gaban sauran shidan, ta ce, "'Yan'uwa, kowa ya maido ƙuri'arsa nan. Mu gina bakwai ɗin gaba ɗaya, babu na wane babu na wance. Ranar da aka kafa ƙofar ƙarshe, ranar za mu sa hannu a tukunya."

Wallahi abin da ya biyo baya sai wanda ya gani. Mutumin da a da yake shafa yaɓe kamar ana tilasta masa, yanzu shi ne mai bin bango da tafin hannu yana neman tsaga, don bai sani ba ko a nan zai kwana. Tela da ke cikinsu ya hana a ɗora wata azara saboda ya ga gara ta taɓa ta. Marini ya sa aka rushe rabin katanga don ta ɗan karkace, ana yi masa tsiya yana cewa a rushe dai. Amma akwai fili ɗaya da kowa ke tsoro, na ƙarshe, can bakin kwari inda ruwa ke bi da damina. Kowa ya kalle shi sai ya ce a ransa, in fa ni ne? Sai ka ga tela ya biyo da sassafe ya zuba duwatsu a gindin bango, bai gaya wa kowa ba. Jibi marini ya zo ya ƙara tudun ƙofa. Mai faskare ya haƙa wa ruwa hanya ya kewaye da shi ta baya. Mutum bakwai, kowa na gyara gidan a ɓoye don tsoron kansa! Ranar da hadarin farko ya haɗo daga gabas aka kafa ƙofar ƙarshe, aka zuba alamomi bakwai a tukunya, kowa ya sa hannu. Matar nan ta buɗe tafinta, sai ga gidan bakin kwari. Ta yi salati, idonta ya kawo ruwa, ta kwashi yara suka shiga ana yayyafi. Aka wuni ana tafka ruwa kamar da bakin ƙwarya, kwari ya cika ya tumbatsa, ruwan ya bi hanyar da aka haƙa masa ya wuce. Ko ɗigo bai shiga ɗakinta ba! Ta leƙo ta rangaɗa guɗa, maƙwabta suka fito cikin ruwa ana dariya, tela na cewa da ya sani da addu'a ya yi ya faɗo masa. Gidan mahauci kuwa sau biyu ana tayar da bangonsa, nata yana nan tsaye, gobe in ka bi ta bakin kwari ka duba.

Shi ya sa har yau tukunyar nan take ajiye, kuma ba za mu gaya maka gidanka ba, malam, sai ka gina na kowa. Matar nan ba ta yi wa kowa wa'azi ba, halin ɗan Adam ta sani, ta ɗora masa kwandon ƙasa ya yi mata dako. Ai Hausawa sun gama magana da suka ce, so duka so ne, amma son kai ya fi.