Ɗinki a Ƙirjin Kaftin

Da yatsa ta fara gano shi, wata safiya tana taje wa karenta Kaftin gashi: ɗan kullutu a ƙirjinsa, bai fi ƙwayar wake ba. Kafin wata ya zagayo ya kai ƙwan tantabara.

Likitan dabbobi ya soka allura, ya zuƙo kaɗan daga abin da ke ciki, ya duba. Sankarar fata ce. Ya ce irin wannan ba a cire ta ita kaɗai, sai an haɗa da lafiyayyen naman da ke kewaye, sannan a aika ɗakin gwaji a bincika bakin yankan. In ya fita tas, shi ke nan. In an sami saura, sai a sake yanka ko a shiga gasa wurin da na'ura, karen kuma ya zama na kwance.

"Fatar wurin ta jima da sauya launi," in ji likitan.

'Yarta Auta, wadda ta kawo su a motarta, ta yi ƙasa da murya. "Ni ya kamata in lura, Umma."

Tafinta, kamar yadda ake kiranta a kotun da take aiki, ta matso kusa da Kaftin. Hannunta na kan kunnen karen.

Aka yi aikin, aka sallame su da sharuɗɗa. Kada rana ta taɓa ciwon. Kada wani abu ya gogi ƙirjin, ko da igiya ce. Ba tafiya mai nisa. Aka ɗaura masa wani mazurarin roba a wuya don kada ya lashi ɗinkin. Ranar farko ya yi ta karo da ƙofa, da ƙafar tebur, da bango.

"To, Kaftin," in ji Tafinta, "yau kai ma ka ɗanɗana."

Ta ɗauki hutu. Gidan hayarta a hawa na sama yake, ɗaki da falo, kowane abu da mazauninsa, daga gwangwanin shayi har almakashi. Da tana alfahari da wannan. Yanzu sai ta ji bangon na matsowa. Daga gado zuwa kujera, daga kujera zuwa taga. Rediyo ya gama labaru, ya sake maimaita su. Safe da yamma Auta kan zo ta sauko da karen ya zaga, ta dawo da shi, ta bar abinci a tukunya, ta bar magana a kunne.

Maganar ɗaya ce. In sakamakon bai yi kyau ba, Umma za ta saki gidan nan da aikin kotu, ta koma wurinsu. Mijin Auta har ya sa an yi wa ɗakin baya fenti.

Tafinta ta san ɗakin. Ta taɓa yin mako a ciki. Ana karɓe mata kofi daga hannu, ana kawar da takalmanta ba a faɗa mata ba, in ta miƙe sai wani ya tambaya, "Ina za ki?" Mutanen kirki ne, amma kejin zinariya ma keji ne.

Sabon magatakarda, wanda bai taɓa haɗuwa da ita ba, ya kira daga kotu. An ɗage shari'o'i saboda rashinta, alƙali ya fara cigiyar wani tafintan.

"Hajiya, a gafarce ni, amma kare ne fa. Ko takaba kika shiga tun bai mutu ba?"

"In ya miƙe zan zo."

"In bai miƙe ba fa?"

Ta kashe wayar a hankali.

Washegari ta ɗauki sandar da ta daɗe jingine a bayan ƙofa, ta sauka ita kaɗai. Har bakin mahaɗa ta kai. An fasa titin ana binne bututu, injin fasa kwalta yana ta ruri, ya haɗiye ƙarar motoci da muryoyin mutane. Ta rasa gabas ta rasa yamma. Ta kama wani turken fitila ta riƙe, sannan ta bi bango ta koma. Kaftin na bayan ƙofa yana kuka ƙasa-ƙasa. Ba ta gaya wa Auta ba.

Aka cire zaren ɗinkin, sakamako shiru. Tana bin tabon da yatsa kullum, tana neman wani sabon tudu, tana tsoron samunsa.

Ranar da wayar ta yi ƙara, Auta na falon da kwalaye, wai don kada a yi gaggawa daga baya. Tafinta na jin ƙarar tef ana liƙe kwalin littattafanta.

"Bakin yankan ya fita tas," in ji likitan. "Ki riƙa kawo shi ana dubawa, kuma a kiyaye masa zafin rana."

"Ƙirjin fa? Zai iya ɗaukar kayansa?"

"Fatar ta haɗe. Ko yau kika so."

Ta ajiye wayar. Ta durƙusa ta kwance mazurarin. Ta miƙa hannu kan ƙusa ta sauko da wasu maɗaurai na fata masu ƙaƙƙarfan mariƙi, ta zura masa ta ka, ta ɗaure a ƙirji. Karen da ya yi makonni yana jan jiki ya miƙe tsaye kamar soja.

"Umma, ki bari in kai ki a mota mana."

"Kwance kwalayenki, Auta. Ki mayar da kowane littafi inda kika same shi."

Ta kama mariƙin da hagu, ta buɗe ƙofa. A bakin bene Kaftin ya tsaya cak kamar yadda aka horar da shi, bai motsa ba sai da ƙafarta ta laluba ta sami matakala, domin tun shekarar da Tafinta ta makance, da idanunsa take fita duniya.