Kwalin Audugar da Ya Ƙi Raguwa

Manaja ya faɗo ɗakin ɗinki rungume da kwalin audugar mata, gumi na keto masa.

"Wata biyu ke nan babu wadda ta taɓa kwalin nan. Ku faɗa mini gaskiya, ku nawa ne masu ciki?"

Mu goma sha ɗaya muka tsayar da kekunanmu muna kallon juna. Ashe kowaccenmu ta ɗauka ita kaɗai al'adarta ta ɗauke.

"In kuka tafi hutun haihuwa gaba ɗaya, wa zai ɗinka kayan mutane? Ni?"

Babbarmu, wadda muke kira Anti, ta ce, "Ranka ya daɗe, cikin me? Awa goma sha huɗu muke kan keke. Maigidana har yara yake tambaya ko ina nan gidan."

Washegari ya kawo malamar asibiti ta gwada mu. Babu mai ciki ko ɗaya.

"Gajiya da rashin barci ne suka rikita musu jiki," in ji ta. "Ka rage musu aiki tun kafin su fara zubewa."

Manaja ya yi ajiyar zuciya har da hamdala. Daga ranar ƙarfe huɗu na yamma muke tashi daga aiki. Muka koma cin abinci a zaune, muka ƙoshi da barci, mazajenmu suka tuna kamanninmu. Kwali ya fara raguwa, Manaja sai fara'a.

Bayan wata biyar ya sake shigowa da sabon kwalin da aka ajiye mana, kusan cike.

"To, yanzu kuma gajiyar me?"

Anti ta shafa cikinta tana tsotsar lemon tsami.

"Wannan karon hutun ne ya jawo, ranka ya daɗe. Mu tara ne."